Masu Bin Sawun Waya a Ƙarƙashin Ƙasa

Ƙarfe bakwai na safe, a bakin wani titi da ake shirin yi wa lambatu a Kaduna, katafila na tsaye injinta a kashe. Direbanta ya kishingiɗa a jikin taya yana kurɓar shayi, leburori wajen ashirin sun jingine diga da shebur suna hira. Kuɗin hayar katafilar nan tafiya yake ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, amma babu wanda ya isa ya sa haƙori a ƙasa, domin mutum ɗaya ake jira. Wani magidanci ne mai hular kwano da rigar ƙyalli, yana tafe a hankali kamar mai neman allurar da ta faɗi, riƙe da wata na'ura mai ruwan ɗorawa wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, bakinta na kallon ƙasa.

'Yan makaranta da ke wucewa suka ja suka tsaya. Ɗaya ya ce, "Baba, zinari ake nema?" Ya yi murmushi ya girgiza kai, bai ɗago ba, don a daidai lokacin na'urar ta fara kuka. Kukan ya hau, ya kai ƙololuwa, ya sauka. Ya ja da baya taku biyu ya sake tsallaka wurin, ya tsaya cak inda ƙarar ta fi tsanani. Sai ya murɗa na'urar a hannunsa a hankali har ta yi tsit, ya dubi inda gefenta ya nufa, ya ce wa yaronsa, "Fesa nan. Ta bi ta nan ne ta nufi taransifoma." Yaron ya girgiza gwangwanin jan fenti ya ja layi a kan jar ƙasa.

Ma'aikatan wurin Injiniya suke ce masa, wasu kuma mai na'ura. Ni dai masu bin sawun waya nake kiran 'yan wannan sana'a, saboda aikinsu ya fi kama da na mutanen da ake kira idan an kore shanu cikin dare, su duƙa su dubi ƙasa su ce nan suka bi, nan suka karkata. Sai dai abin da waɗannan ke bi yana kwance mita ɗaya ko fiye a ƙarƙashin ƙafarsu, wani ma shekara talatin ke nan rabon da ido ya gan shi.

Mai tafiya a titunan manyan garuruwanmu bai cika tunanin abin da yake takawa ba. Akwai bututun ruwan famfo, na ƙarfe na dā da na roba na yanzu. Akwai wayoyin lantarki masu sulke, wasu ɗauke da bolt 415, wasu 11,000, wasu 33,000. Akwai tsofaffin wayoyin tarho na zamanin NITEL da aka bari a binne, sannan ga wayoyin faiba da kamfanonin sadarwa suka yi ta shimfiɗawa bayan zuwan wayar salula a 2001. A unguwannin Abuja irin su Maitama da Asokoro da Wuse, tun asali a ƙasa aka binne wayoyin wuta. Kowace hukuma da kowane kamfani ya haƙa nasa ramin a nasa lokacin, kuma sau da yawa taswirar aikin ta ɓace, ko tana nan amma titin da aka auna daga gefensa an faɗaɗa shi sau biyu tun daga lokacin.

Sakamakon wannan duhu kowa ya ɗanɗana shi, ko bai san daga inda ya fito ba. Ranar da sabis ya ɗauke a gari, mai POS ya ce kuɗi ba sa fita, banki ya cika da jama'a, sau da yawa wata katafila ce ta tsinke faiba a wani wuri mai nisa. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ce a 2024 kaɗai an samu yankewar faiba fiye da sau 50,000, kimanin 30,000 daga ciki sanadiyyar aikin hanyoyi. Wannan asarar dukiya ce da lokaci. Akwai kuma ta rai. A watan Mayun 2008, a Ijegun da ke gefen Legas, injin aikin hanya ya fasa bututun mai, wuta ta tashi ta bi unguwa, mutane masu yawa suka rasu, har da yara 'yan makaranta. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan duhun ne mai bin sawun waya ke cin abinci da yaye shi.

Aikinsa ba daga na'ura yake farawa ba. Kwana ɗaya ko biyu kafin ya zo, ya riga ya bi ofisoshi yana neman duk wata takarda da ta rage: ta kamfanin rarraba wuta, ta hukumar ruwa, ta masu faiba. Idan ya iso wurin sai ya fara da ido. Yana duba inda kwalta ta sauya launi a miƙe, alamar an taɓa tsaga ta an cike. Yana ƙirga murafun ramukan da ma'aikata ke kira manhol, yana duba sandar wutar da waya ta sauko ta jikinta ta shige ƙasa, da 'yan turakun kankare da ciyawa ta rufe. Daga nan sai tambaya. Na ga Injiniya ya zauna a benci wajen mai shayin da ya shekara da shekaru a bakin titin, ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce, "Baba, ko ka tuna lokacin da aka haƙa nan?" Dattijon ya nuna da hannu inda 'yan faiba suka bi, ya ce ta bayan bishiyar darbejiya suka zagaya domin saiwa ta hana su wucewa. Babu taswirar da ta nuna wannan kwanar, kuma da aka bi da na'ura haka aka same ta.

Kayan aikin kashi biyu ne. Akwai sandar da ake riƙewa a hannu, mai saurare, akwai kuma wani ɗan akwati mai aika sigina. Waɗanda suka fi yawa a wuraren aiki su ne na kamfanin Radiodetection da ke Biristol a Ingila, sandar ana ce mata C.A.T, akwatin kuma Genny, har sunayen suka zama kamar na kowace irin wannan na'ura. Akwai na Vivax-Metrotech da na Leica da wasunsu. Mutane da yawa suna ɗauka irin na'urar neman ƙarfe ce da masu neman zinari ke yawo da ita, alhali aikinsu daban. Duk wayar da wutar lantarki mai kai-da-komowa ke gudana a cikinta, wani ƙarfin maganaɗisu na kewaye ta, da'ira bayan da'ira, kamar yadda ruwan tafki ke yi idan an jefa tsakuwa, yana raguwa da nisa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Ørsted, shi ya lura a 1820 cewa wuta a cikin waya na karkatar da allurar kamfas, Faraday kuma a Ingila ya nuna a 1831 cewa maganaɗisu mai sauyawa na haifar da wuta a cikin naɗin waya. A cikin sandar akwai irin wannan naɗi na siririn jan ƙarfe. Idan ya shiga cikin da'irar sai 'yar wuta ta taso a jikinsa, na'urar ta mayar da ita ƙara da lamba a fuskar gilashi. Ma'ana, sandar ba ta ganin waya ko kaɗan. Numfashin wayar take ji, kuma duk wahalar sana'ar daga nan ta samo asali.

Da sanda kaɗai ana iya saurare iri biyu. Na farko shi ne na wuta: lantarkinmu yana kai-da-komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma wayar da ke ɗauke da lodi tana fitar da wani gurnani da sandar ke kamawa. Na biyu shi ne na rediyo. Akwai manyan tashoshi a duniya da ke watsa sigina a zango mai tsawon gaske, irin wanda ake magana da jiragen ƙarƙashin teku da shi. Siginar na ratsa ƙasa, dogayen wayoyi da bututun ƙarfe su kwashe ta su sake fitarwa, sandar ta ji. Mai aiki zai yi ta kai-kawo a fili, a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma, ya saurara da wannan ya saurara da wancan.

A nan ne ƙasarmu ke da nata tarkon, kuma Injiniya ya daɗe a kansa da muke magana. Littattafan da ke zuwa da na'urar an rubuta su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa idan an ɗauke wuta, wayar bolt 11,000 za ta kwanta shiru kamar igiyar guga, sanda ta wuce ta kanta ba ta ce uffan ba. Yaro sabon shiga zai ce wuri lafiya lau, a sa diga, minti goma bayan haka a kawo wuta. Ko da akwai wutar ma, wayar da aka toshe ƙarshenta aka bari ba a jan komai ta cikinta na iya yin shiru alhali tana cike da ajali. Shi ya sa tun ranar farko Injiniya ke koya wa yaransa bambancin magana biyu. Mai wannan sana'a ba ya cewa "babu komai a nan". Abin da yake cewa shi ne "ban ji komai ba a nan". Na ji ya faɗa wa ɗan kwangila haka da bakinsa, ɗan kwangilar ya ɓata rai don amsa ɗaya yake so, shi kuwa bai sauya ko harafi ba. A ganina duk mutuncin sana'ar a cikin wannan 'yar jimlar yake.

Tunda shiru ba hujja ba ne, sai a sa wa wayar murya, wato aikin akwatin. Hanya mafi kyau ita ce a haɗa kai tsaye. Akwatin na da wayoyi biyu masu bakin kada, ja da baƙa. Jar ana maƙala ta a jikin abin da ake bi, kamar bakin bututun ƙarfe, ko jikin sandar fitilar titi, ko siririyar wayar alama da aka binne tare da faiba, bayan an kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya fito fes. Ba a taɓa maƙala ta a kan waya mai rai. Baƙar kuma ana kai ta can gefe a maƙala wa wani turken ƙarfe da aka kafa a ƙasa, domin siginar da ta tafi ta cikin waya ta ƙasa take dawowa gida.

Ranar da na bi su lokacin hunturu ne, ƙasa ta bushe ƙamas. Yaron ya buga turken da guduma, aka kunna akwati, amon da ya fito bai gamsar da Injiniya ba. Bai ce komai ba, ya miƙa hannu, yaron ya ciro ledojin ruwa uku daga jaka, ya fasa su da haƙori ya tsiyaye a gindin turken. Ruwan na nutsewa, amon akwatin na sauyawa. Busasshiyar ƙasa ba ta ba wuta hanya, da ta jiƙa sai da'irar ta haɗu. Ya ce min a rani ruwan leda na cikin kayan aiki kamar batir, kuma in da kwata ko gindin famfo mai laima a kusa, can ya fi son kafa turkensa.

Inda ba a iya haɗawa kai tsaye, akwai wani maƙali mai kama da babban awarwaro da ake zagaya wa waya mai rufi, ya cusa mata sigina ba tare da an kashe wuta ba. Idan babu ma inda wayar ta leƙo waje, sai a ajiye akwatin a ƙasa ya watsa siginarsa ƙasa, duk ƙarfen da ke wurin ya ɗauka. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi kuma mafi ruɗi. Dole mai sanda ya ba akwatin tazarar aƙalla mita 10, in ba haka ba siginar da ke yawo a iska zai yi ta ji yana zaton waya ce.

Sai zaɓen zango, wato yawan kai-da-komowar siginar a daƙiƙa, inda ake gane gwani. Ƙananan na'urori galibi kilohaz 33 suke amfani da shi, manya kuwa suna da zaɓi tun daga haz 512 da kilohaz 8 har sama da kilohaz 100. Ƙaramin zango yana tafiya nesa kuma yana riƙe amanar wayar da aka ɗora shi a kai, sai dai yana son ƙasa mai laima da haɗi mai kyau. Babban zango yana shiga ko'ina cikin sauƙi, har guntuwar waya da busasshen wuri, amma ba shi da kamun kai: da ya ga wani ƙarfe a kusa sai ya tsallaka. Haka mutum zai fara bin wayar wuta, ya ƙare yana bin bututun ruwa ko shingen waya bai sani ba, fentinsa na tafiya inda ba a aike shi ba. Manyan na'urori na nuna yawan wutar siginar da ke cikin abin da ake bi, kuma wayar da aka ɗora wa siginar ita ke da kaso mafi tsoka ko da ta fi sauran zurfi. Gwani idonsa na kan wannan lambar, kunnensa na kan ƙara. Idan lambar ta faɗi farat ɗaya sai ya tsaya, domin ko wayar ta yi reshe, ko ta nutse, ko shi ne ya saki hanya.

Zurfi ma na'urar na faɗa, ta hanyar gwada ƙarfin siginar a naɗin ƙasa da na sama. Amma awon zuwa tsakiyar abin yake kaiwa. Idan ƙaton bututu ne, bayansa ya fi lambar kusa da diga. Kuma inda wayoyi suka cunkushe da'irorinsu na murɗe juna, lambar ta yi ƙarya. Na ga dabarar da Injiniya ke gwada gaskiyarta: ya auna sandar na taɓa ƙasa, sannan ya ɗaga ta kimanin taƙi ɗaya ya sake aunawa. In lambar ta ƙaru daidai da abin da ya ɗaga, ya yarda da ita. In ta yi tsalle, sai ya rubuta alamar tambaya a littafinsa.

Akwai abin da sanda ba ta ji ko an yi mata me. Bututun roba ba ya ɗaukar wuta. Faiba kuwa zaren gilashi ne da haske ke bi, in ba ta da sulken ƙarfe ko wayar alama a gefenta, shiru take. Masu aiki da tsari sukan binne siririyar wayar jan ƙarfe tare da irin waɗannan, ko su shimfiɗa ledar gargaɗi mai zaren ƙarfe a samansu, don wanda zai zo nema wata rana. Inda ba a yi haka ba, in bututun na da baki a buɗe, sai a zura wata 'yar na'ura mai kamar ƙwai a kan doguwar sanda mai lanƙwasa, tana tafiya a ciki tana kira, ana binta daga sama. In wannan ma bai yiwu ba sai rada, wadda ake turawa kamar keken jarirai tana aika sigina ƙasa tana karɓar amsa. Rada na son busasshen rairayi irin na Katsina da Maraɗi, amma a laka mai ruwa irin ta fadama ba ta ganin nisa.

Bayan duk wannan, gani ya kori ji. Kafin katafila ta motsa, sai an haƙa ramin gwaji da hannu a kan layin fentin. Ƙa'idar da hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta shimfiɗa, wadda kamfanoni da yawa ke bi, ita ce kada injin haƙa na hannu ya kusanci layin da aka yi wa alama da ƙasa da rabin mita, kuma shebur ya fi diga aminci domin ba ya huda. Leburori biyu suka fara daga gefe, suna shiga ta ƙarƙashi a hankali, Injiniya na tsugune a baki yana zura sandarsa cikin ramin bayan kowane ɗan zurfi. Jar ƙasa ta ƙare, sai ga farin yashi wanda ba na wurin ba, alamar hannun mutum ya zuba shi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu dai, samari, a ajiye shebur." Da tafin hannu aka ƙarasa. Ga wata tsohuwar jar leda da ta yayyage, ga falankin kankare a jere, da aka ɗaga ɗaya kuwa sai ga ta kwance, baƙa, kaurinta ya kai damtsen babban mutum. Tazarar da ke tsakaninta da layin fentin ba ta kai taƙi ba. Babu wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Direban katafilar ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Injiniya," domin daidai nan haƙorin injinsa zai fara sauka.

Abin da mai wannan sana'a ke sayarwa a ƙarshe fenti ne a ƙasa da takarda a hannu. Launukan da aka fi sani sun fito ne daga tsarin Amurka: ja na lantarki, ruwan ɗorawa na gas da mai, ruwan lemo na sadarwa, shuɗi na ruwan sha, kore na ruwan datti, fari kuma na inda ake niyyar haƙawa. Fenti kwanansa kaɗan ne, ƙura da tayar mota za su cinye shi, saboda haka ana kafa turaku, a ɗauki hoto, a ɗauki wurin da na'urar GPS, a koma a zana a kwamfuta. Rahoto mai kyau yana bambanta abin da aka sani da yadda aka san shi. Ma'aunin Birtaniya mai suna PAS 128, wanda ya fito a 2014, ya kasa sani hawa huɗu: abin da aka gani a tsohuwar takarda kawai, abin da alamun fili suka nuna, abin da na'ura ta ji, da abin da aka tona ido ya gani. Mai gaskiya ba ya sayar da na ƙasa da sunan na sama.

Jarin ba ƙarami ba ne, kuma duk da kuɗin waje ake sayensa. Sabuwar sanda da akwati na masu ƙaramin ƙarfi sun haura fam 1,000, manya masu zango da yawa dala dubbai ne, rada kuwa ta wuce dala 10,000. Duk lokacin da naira ta faɗi, burin yaron da ke tara kuɗin sayen tasa na'urar sai ya ƙara nisa. Shi ya sa da yawa ke farawa da ta hannu ko haya, su raba abin da aka samu da mai ita. Masu ƙera ta suna so a duba daidaitonta duk shekara, wannan ma kuɗi ne da jira. Sai na yau da kullum: manyan batura irin na tocila, biyu a sanda huɗu a akwati, fenti, man mota, kuɗin yaro, da na leburorin ramin gwaji. Wanda ke ƙarƙashin kamfanin awon ƙasa ko na sadarwa albashi yake ɗauka. Mai cin gashin kansa kuwa da yini ake biyansa ko da tsawon hanya, kilomita kaza kuɗi kaza, kuma cikin gari ya fi tsada don kilomita ɗaya a tsakiyar kasuwa na iya cin kwanakin da goma ba su ci ba a bayan gari. Rani ne kakarsu, lokacin da aikin hanya ke tashi. Da damina ƙasa ta fi daɗin saurare amma aiki na ja baya. Wanda ya yi suna yana riƙe gidansa da rufin asiri, in dai 'yan kwangila sun biya a kan lokaci, wanda ba kullum ba ne.

Wahalar da ta fi damunsu ba ta rana ba ce, ko da yake yini suke a cikinta kai a sunkuye, motoci da Keke na goga su, ga manhol da kan tara maciji da gurɓatacciyar iska. Ba ta zargi ba ce kuma, ko da yake a zamanin da ɓarayin waya suka yi yawa, mutum mai na'ura yana zagaya taransifoma dole ya fara gaida mai unguwa ya nuna takardarsa. Abin da ya fi ci musu rai shi ne aikinsu in ya yi kyau ba ya barin shaida. Ba a yanke komai ba, wuta ba ta tashi ba, sai ɗan kwangila ya ga kamar kuɗin banza ya biya, aiki na gaba ya ce a haƙa kawai, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni ban yarda da wannan lissafin ba. Gyaran babbar waya ɗaya, da kayan haɗi da mai haɗin da kwanakin da aiki zai tsaya, ya ninka ladan mai na'ura sau da yawa, balle ran lebura da ba shi da farashi. Tawakkali ma ai bayan an ɗaure raƙumi yake.

Masu shiga sana'ar galibi daga awon ƙasa suke fitowa, ko lantarki, ko aikin shimfiɗa faiba. Maɓallan na'urar kwana ɗaya ko biyu sun isa a koye su. Kunnen ne ke ɗaukar shekaru. Yaro na farawa da ɗaukar jaka da buga turke da fesa fenti, sannan a ba shi sanda a fili mai waya ɗaya, a tona a gabansa ya ga inda ya dace da inda ya kauce. Aiki kuma yana tafe. Gwamnatin tarayya ta sanar a 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin faiba mai tsawon kilomita 90,000, a shekarar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. A Amurka tun 2007 akwai lamba guda, 811, da duk mai niyyar haƙa zai kira kwanaki kaɗan kafin ya fara, ko da shinge zai kafa a gidansa, a turo masu bin sawu su yi masa alama kyauta. Jihohinmu na iya fara irin wannan da ofis ɗaya da ke tara taswirar kowa, a kuma wajabta wa duk mai kwangilar hanya ya nuna rahoton mai na'ura kafin a ba shi izinin haƙa.

Abin bai tsaya ga manyan tituna ba. A gidan wani ɗan'uwana an taɓa kiran samari su haƙa ramin ruwan wanka a tsakar gida, babu wanda ya tuna cewa wayar da ke kai wuta ɗakunan baya ta nan ta bi. Diga ta same ta, wuta ta yi tartsatsi ta cinye bakin ƙarfen, yaron ya faɗi zaune yana salati. Allah Ya sa ƙotar ta itace ce kuma a bushe take. Tun daga ranar nake roƙon duk wanda zai binne waya ko bututu, a gida ne ko shago ko makaranta ko masallaci, ya yi abu kaɗan kafin a mayar da ƙasa: ya ɗauki hoton ramin a buɗe, ya auna nisansa daga bango ya rubuta, ya shimfiɗa yashi da ledar gargaɗi, in na roba ne kuma ya haɗa shi da siririyar wayar jan ƙarfe ya bar bakinta a waje. Mai karatu, in kuma kai ne za ka sa a haƙa a inda ba ka san abin da ke ƙasa ba, nemi mai na'ura tukuna, ka biya shi haƙƙinsa, ka kuma ba shi lokacin da ya nema.